Murar da Ba Ta Saɓa Alkawari

Ga kacici-kacici, mai karatu, kuma kada ka yi saurin ba ni gari. Wace mura ce take zuwa a wata guda kowace shekara, ta yi mako shida ko bakwai, sannan ta kama hanyarta ba tare da an kore ta ba? Mai ita yana kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa, suna cin abinci tare, amma ba wanda ya taɓa ɗauka daga gare shi. Ranar da gari ya yi garau takan tsananta. Ranar da aka yi ruwa takan lafa. In ya shige ɗaki ya rufe taga sai ya ji dama, in ya fita shan iska sai ta taso masa gadan-gadan.

Wanda ya kai ƙarar wannan mura gaban likitocin Ingila shi ma likita ne, sunansa John Bostock. A watan Maris na 1819 ya karanta wa ƙungiyar likitocin Landan bayanin wani majiyyaci ɗan shekara 46 da ya kira J.B., wanda ba kowa ba ne illa shi kansa. Tun yana ɗan shekara takwas abin yake zuwa masa, kullum a farkon watan Yuni ko tsakiyarsa. Da ido yake farawa. Sai ya ji gefen fatar idon ya yi zafi ya yi nauyi, sai ja, sai ƙaiƙayi kamar ana tsira masa allura, sai hawaye. Daga nan ya sauko hanci, atishawa ta yi ta zuwa a jere har ta galabaitar da shi. Ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi wuya. Ya gwada duk abin da zamaninsa ya sani: an zubar masa da jini, ya yi wankan ruwan sanyi, ya sha maganin amai da na wankin ciki, ya rage cin abinci. Ba abin da ya yi. Amma da Yuli ya ƙare sai ciwon ya ɗauke da kansa, kamar ba a taɓa yi ba. Sai kuma baɗi.

To, wa za mu fara tuhuma?

Na san abin da ya fara zo maka, domin shi yake fara zo wa kowa: sanyi ne ya shige shi. Sai dai Yuni da Yuli su ne watannin ɗumi a Ingila. Mutumin yana ratsa watannin ƙanƙara lafiya lau, sai gari ya yi daɗi kana ya kwanta. Mu saki sanyi, ba shi da hannu.

Bostock da kansa zafi ya tuhuma. Shekara tara ya yi yana cigiyar masu irin ciwonsa, a 1828 ya fito da bayanin mutum 28, ya kuma tsaya a kan cewa zafin rana da gajiya ne sanadi. Yana da hujja. Ya koma yin watannin zafi a Ramsgate, wani gari a bakin teku, kuma a can ya sami sauƙi sosai. Ya ce sanyin wurin ne ya taimake shi. Ni wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, kai ma ba za ta gamsar da kai ba. Da zafin Ingila na iya sa mutum atishawa haka, da mutanen Sakkwato da Agadas ba su da aikin yi a watan Afrilu sai sharce hanci. Amma kada ka yar da Ramsgate. Ajiye ta a aljihu, za mu neme ta.

Jama'ar gari kuwa sun daɗe da yanke nasu hukuncin. Ciwon yana zuwa daidai lokacin da manoma ke yankan ciyawa suna shanyawa don ta zama ingiricin dabbobi, saboda haka suka ce ƙamshin ingiricin ne. A 1829 wani likita, William Gordon, ya goyi bayansu a rubuce. Zargin ƙamshi kuma ba sabo ba ne. Shekara ɗari tara kafin nan, Abubakar al-Razi, babban likitan Rayyi da Bagadaza, ya rubuta 'yar risala a kan murar da ke kama wasu mutane a lokacin da furen wardi yake buɗewa yana ƙamshi. Ka ga shaidu biyu ke nan, daga zamani biyu da ƙasa biyu, kowane yana nuna hanci yana nuna fure. Sun matso kusa. Sun matso ƙwarai. Amma akwai abin da ya ƙi zama. Mutumin da ke tsakiyar birni, wanda tsakaninsa da gona akwai tafiya mai nisa, wanda ba ya jin ƙamshin komai sai hayaƙin masana'anta, shi ma yana atishawar. A rana guda da na ƙauye.

Wasu suka ce to cutar manya ce. Bostock ya lura duk mutanensa 28 masu hali ne, ya bincika a wuraren shan maganin talakawa bai sami ko ɗaya ba. Daga nan aka gina zancen cewa ciwo ne na masu ilimi da masu tunani da yawa, waɗanda jijiyoyinsu suka yi laushi. Wannan zance ya yi wa masu ciwon daɗi, shi ya sa ya daɗe. Bai dai bayyana dalilin da zai sa jijiyar mai ilimi ta jira watan Yuni ba.

Sai ga tuhuma mafi nauyi, daga bakin mutumin da ba a yi wa gardama da sauƙi. Hermann von Helmholtz, Bajamushen da ya ƙirƙiro madubin da likitoci ke leƙa cikin ido da shi, shi ma kowace shekara yana fama da wannan mura. Zamanin kuwa na Louis Pasteur ne, duniya ta fara gane cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani suna haddasa cuta. Helmholtz ya ɗebi majinarsa ya sa ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya ga wasu 'yan halittu suna motsi. Ya narka kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya riƙa ɗurawa a hanci. Ya ce ya sami sauƙi. Abokinsa Carl Binz na birnin Bon ya buga bayanin a 1869.

An ga ƙwayar cuta. An ba da magani. An ji sauƙi. Me ya rage?

Saura tambaya uku. Wace ƙwayar cuta ce za ta shekara talatin a hancin mutum ba ta taɓa tsallakawa hancin matarsa ba? Wace ce take tsoron ruwan sama? Wace ce take sanin an rufe taga? Yau mun san cewa hancin lafiyayye ma cike yake da ƙananan halittu da ba sa cutar da shi, don haka ganinsu a majina ba shaida ba ce. Sauƙin da ya ji kuwa, ina kyautata zaton aikin ruwan ne fiye da na kwinin. Ya wanke wani abu daga hancinsa. Bai san mene ne ba.

A Mancesta akwai wanda ya kusa sani.

Charles Harrison Blackley likita ne da ba shi da babban suna, ya fara rayuwa a matsayin ma'aikacin ɗab'i kafin ya karanci likitanci, kuma shi ma ciwon yana wahalar da shi. Wata rana a 1859 ya taɓa wani dami na ciyawa mai fure da aka tsinko aka sa a kasko a gidansa don ado. Wani ɗan gari ya tashi daga jikinta. Nan take ya ɓarke da atishawa. Wani karon yana tafiya a hanyar ƙauye, keken doki ya wuce ya tayar masa da ƙura, ciwon ya taso. Wani da sai ya ce ƙura ce ya wuce. Shi ya ɗebi ƙurar ya kai gida ya duba a madubi. A cikinta ya ga wasu 'yan ƙwallaye. Ba ƙasa ba ne. Ba yashi ba ne. Irin na kaskon nan ne.

Bai yi gaggawa ba, kuma a nan ne ya burge ni. Ya ɗauki waɗanda ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya ya gwada a jikinsa. Ya shaƙi sinadarin da ke ba ingirici ƙamshinsa. Shiru. Ya shaƙi ƙamshin furanni iri-iri, abin da ya samu bai wuce ɗan ciwon kai ba. Ya gwada iskar ozon da wasu masana ke zargi. Ba ita ba ce. Ya auna ranakun zafi da ranakun ciwo. Ba su dace ba. Sannan ya ɗauko garin nan. Ɗan ƙanƙane. Ya shafa a cikin hancinsa.

Ƙaiƙayi. Atishawa. Majina kamar ruwa. Hanci ya toshe.

Ya sa a ido, ido ya yi jawur ya kumbura. Ya ɗan kankare fatar hannunsa ya shafa a wurin, cikin 'yan mintoci ya fara ƙaiƙayi, ya tashi ya yi tudu.

Bununi ne, mai karatu. Garin furen ciyawa.

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar gero ko masara lokacin da ta yi bununi ya san shi, garin nan mai ruwan ɗorawa da ke manne wa riga da gashin ido. Shi ne ƙwayar namiji ta tsiro. Ciyawa da danginta ba sa jiran ƙudan zuma ya kai musu shi daga fure zuwa fure, iska suke ba wa saƙon, don haka suke sakin sa da yawan gaske, marar nauyi, busasshe. Ciyawar Ingila a watan Yuni take fure. Kalandar murar ke nan.

Blackley bai tsaya nan ba. Ya shafa wa 'yan gilasai wani ruwa mai danƙo da gilisarin a ciki, ya riƙa ajiye su a fili, bayan kowane kwana ɗaya ya ɗauko ya ƙirga ƙwayoyin da suka manne, ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta yawansu a gefe guda, tsananin ciwonsa a ɗaya gefen. A shekarar 1866 lissafin ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa a ƙarshen Yuni, ciwon ma haka. In aka yi ruwa lissafin ya faɗi, domin ruwa ya wanke iska, hancinsa ma ya huta. To mutumin tsakiyar birni fa? Sai ya ɗauko abin wasan nan na yara, na takarda da kara, wanda ake sake wa zare iska ta ɗaga shi sama. Ya ɗaura masa gilasansa ya sake shi ya yi sama fiye da ƙafa dubu. Da ya sauko da shi ya duba, bununin da ke can sama ya fi na ƙasa yawa. Ashe iska tana ɗauke da shi ta ƙetare gonaki da unguwanni ta sauke a inda ta ga dama.

Yanzu fito da Ramsgate daga aljihu. Iskar da ke kaɗowa daga teku ba ta ratso gona ba, ba ta ɗauke da komai. Ita ta ceci Bostock, ba sanyin wurin ba. Masu zargin ingirici sun ga lokacin daidai, domin ana yanka ciyawa ne tana cikin fure. Shi kuwa wardi, yawanci tsautsayi ne ya sa shi a tsakiya: garinsa mai nauyi ne mai danƙo, ƙwari ke ɗaukarsa, ba ya yawo a iska sosai, amma yana buɗewa lokaci guda da ciyayi da itatuwan da ba wanda ke kula da furensu. Ƙura kuma 'yar dako ce. Tun a 1831 wani likitan Landan, John Elliotson, ya ambaci garin fure a cikin abin da yake zato, sai dai zato daban, shaida daban. Blackley ya buga littafinsa a 1873, kuma Charles Darwin ya karanta ya rubuto masa wasiƙar yabo.

Kana shirin rufe fayil? Dakata. Maƙwabcin Blackley iska ɗaya suke shaƙa, bununi ɗaya ke shiga hancinsu. Ɗaya yana hawaye, ɗaya yana cin abincinsa hankali kwance. In bununi guba ne, me ya sa yake zaɓe?

Da ɗan gari akan ci gari. Akwai na ciki.

A 1921, a birnin Breslau, likitoci biyu suka bankaɗo shi. Heinz Küstner ba ya iya cin dafaffen kifi, ko ɗanɗana ya yi sai jikinsa ya yi bori. Carl Prausnitz kuwa yana cin kifinsa lafiya. Aka ɗebi ruwan jinin Küstner aka yi wa Prausnitz allurarsa a fata. Washegari aka sa ɗan ruwan kifi a daidai wurin. Wurin ya yi ja, ya kumbura. Mutumin da kifi bai taɓa damu ba, ga tabo guda a fatarsa ya koyi ƙin kifi. Wato abin yana cikin jini, har ana iya ɗaukarsa a sirinji. Sai a 1966 da 1967 aka kama shi da hannu, masu kamun kuwa su ne Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Denba ta Amurka, da Johansson da Bennich a Upsala ta Suwidin. Wani nau'in garkuwar jiki ne, aka sa masa suna IgE. Asalin aikinsa ya haɗa da yaƙar tsutsotsin da ke shiga jiki. A jikin wasu mutane, galibi ta hanyar gado, yakan yi kuskure ya ɗauki bununi a matsayin abokin gaba. Sai ya zauna a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin hanci da ido da fata yana jira. Bununi na taɓa shi, su fashe su saki histamin. Histamin ne ke buɗe hanyoyin jini, ya tsatso ruwa, ya tsokani jijiyar ƙaiƙayi da ta atishawa. Kamar maigadi ne da ya ga baƙo ya zo da sallama, ya busa usur ya tashi unguwa. Baƙon bai fasa komai ba. Duk ɓarnar ta masu gudu da sanduna ce. Wannan shi ne borin jini, iri ɗaya da wanda ke fito wa wani a fata in ya ci gyaɗa ko ya sha wani magani.

Mura ta gaskiya kuwa tana da ɓarawo na gaske. A 1914 Walther Kruse a Laifzig ya tace majinar mai mura da matacin da bakteriya ba ta iya wucewa, ya ɗiga wa masu lafiya a hanci, wasunsu suka kamu. Bairos ce, kuma nau'in da ya fi kawo ta, wanda aka fara ganowa a 1956, ya haura iri ɗari. Abin da ke rikita mutane shi ne hanci ba shi da yare da yawa. Ko bairos ce ta shigo ko bununi, kukansa ɗaya: atishawa, majina, toshewa.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Sau nawa ka ji mutum a kemis yana cewa, "Murar nan ta ƙi jin magani, wata guda ke nan, ba ni mai ƙarfi"? A miƙo masa amoksisilin ko Ampiclox, ya shanye, ba canji, ya koma a sauya masa wani. Hanyar Helmholtz ce ake sake bi, kuma tana ba ni takaici, domin waɗannan magunguna bakteriya suke kashewa. Ba sa taɓa bairos, ba sa taɓa borin jini. Abin da suke yi kawai shi ne koya wa bakteriyar jikinsa jure musu, ranar da zai buƙace su da gaske su ƙi aiki.

Babban mai ba da shaida shi ne ƙaiƙayi. In ido yana ƙaiƙayi yana hawaye, hanci yana ƙaiƙayi, har ganda da cikin kunne, in yaro ya riƙa murza hancinsa sama da tafin hannu har ya yi layi a karan hancin, to a tuhumi borin jini. Mura takan fara da kartar maƙogwaro da kasala, kwana ɗaya zuwa uku bayan ka zauna da mai ita, ta tsananta a kwana na biyu ko na uku, ta wuce cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma kafin ta fita gidan ta zagaya wasu. Borin jini yakan faɗo cikin mintoci, atishawa biyar, goma a jere, majina fara tsinkakkiya daga farko har ƙarshe, ya yi makonni, ya bi wuri da lokaci. Ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kawo ciwon gaɓoɓi. Jiki in ya yi zafi, a nemi wani dalili, kuma a ƙasarmu a fara da gwajin zazzaɓin cizon sauro. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba hujjar shan maganin bakteriya ba ce, launin daga sojojin jini yake, kuma yana faruwa a mura ta yau da kullum. Abin da ke nuna bakteriya ta shiga kogon hanci shi ne a wuce kwana goma ba sauƙi, ko a fara warkewa sannan a koma da zazzaɓi da ciwon fuska.

Ba kowane borin hanci ne ke bin kalanda ba. A 1964 masu bincike a Laidin ta Holan, Voorhorst da Spieksma, suka gano cewa abin da ke tayar wa mutane bori a ƙurar ɗaki wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, mazaunin katifa da matashin kai da darduma, mai son danshi. Mai wannan yakan tashi da atishawa da asuba, ko in an kakkaɓe shimfiɗa. Kyankyaso, gashin kyanwa da hunhunar bango a damina duk suna cikin jerin. Akwai kuma na uku da ba mura ba, ba bori ba: ƙurar hunturu, turaren wuta da hayaƙin maganin sauro suna iya fusata hancin kowa kai tsaye. A hunturu ukun sukan haɗu a hanci ɗaya, shi ya sa nake ganin dabarar Blackley ta fi kowace amfani. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta yaushe abin ya taso, a ina, ana cikin yin me. Likita zai fi amfana da wannan fiye da kwalayen magungunan da aka shanye. In akwai hali, gwajin da ake yi a asibiti jikan na Blackley ne: a ɗiga ruwan abin da ake zargi a hannu, a ɗan tsira fatar, a jira minti 15 zuwa 20 a ga ko zai yi tudu.

Maganin borin hanci shi ne nisantar abin da ke tayar da shi, wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta, da magungunan da ke toshe histamin irin su loratadin da setirizin, ko feshin hanci da likita zai rubuta. Piriton ma yana yi, amma yana sa barci, direba da ɗan acaɓa su kiyaye.

Akwai inda ba a tsayawa wasan bincike. Tari ya kai mako biyu, musamman da rama ko gumin dare ko jini a kaki, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Ƙirji yana fito, numfashi yana sarƙewa da dare, wannan asma ce mai yiwuwa, kuma bori da mura duk suna tayar da ita. Yaro mai tari da zazzaɓi kuwa, a ɗaga rigarsa yana kwance shiru a ƙirga numfashinsa na minti guda. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, alamar ciwon huhu ce. A kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.